Yadda Jallabiya Ta Cinye Fuskar Kakana

Ni fa ban taɓa cewa na iya kamara ba. Abin da na ce shi ne, "Ai ba wani abu ba ne." Mutanen gidanmu ne sunka ɗauki maganar sunka ƙara mata gishiri. Kamarar ma ba tawa ba ce, ta kawuna ce da ke aiki a Jidda. Ya zo hutu ya manta ta cikin akwati, baƙa wuluk, ga nauyi, ga dogon hanci mai fitowa yana komawa. Ni kuwa da na ajiye makaranta a tsakiyar hanya, aikina in rataya ta a wuya in je bakin tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, don 'yan mata masu wanki su san akwai mutane a garin. Hoto ɗaya na taɓa ɗauka da ita, na jakin maƙwabcinmu. Shi ma rabin jaki ne ya fito.

To ana nan, hutun babbar Sallah, sai ga wani ɗalibi ɗan ƙasar Gobir da ke karatu a Hartum, babban birnin ƙasar da muke zaune, ya biyo abokinsa garinmu. Anka kawo shi gaida tsofaffi. Kakana shina kishingiɗe kan angarib, gadon igiyarsa, ƙarƙashin rumfa. Da ya ji harshen yaron sai ya tashi zaune.

"Ɗan wane gari ne kai?"

Ɗalibin ya faɗa. Kaka ya kira sunan wani ƙauye da ni ban taɓa ji ba. Ɗalibin ya ce ai da ƙafa ma ana zuwa daga garinsu.

Labarin Kaka kowa a gidanmu ya haddace shi. Shina ɗan shekara bakwai iyayensa sunka taso da shi a ƙasa za su Makka. Sunka tsaya nan yankin Jazira cirar auduga, wai na ɗan lokaci, ga mu nan har yau. Yayarsa mace anka bari wurin kakarsu, don tsohuwar ta ce ba za a kwashe mata jikoki duka ba. Tun ranar ba wanda ya sake jin ɗuriyar wani.

Ɗalibin ya ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen nan, duk alhajin da ya dawo sai ta je ta tambaye shi ko ya ga danginta a hanyar gabas. "Ban yi alkawari ba, Baba. Mai yiwuwa ita ce, mai yiwuwa ba ita ba. Amma a ba ni hotonka in kai mata. Jibi da safe zan wuce gida."

Kaka ya ce, "Huskata ba ta gane ta, ina yaro munka rabu. Amma ta san wagga." Ya ɗora yatsa a kumatun hagu. Shina da tsagar Gobirawa, layi-layi daga bakin leɓe zuwa kunne, amma ta uku daga sama ba ta miƙe ba. Wai ya zabura lokacin da wanzami ke aiki, askar ta goce, tsagar ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Yayar nan tasa kullum da ita take tsokanarsa. "In tag ga ƙugiyag ga, ta san ni ne. In ba ta hito ba, hoton banza ne."

Sai kowa ya juyo ya dube ni. Ni ma na juya in ga wa suke kallo. Katanga ce a bayana.

Ranar nan bayan azahar Kaka ya fito kamar ango. Kakata mace, da muke kira Habboba, ta wanke masa farar jallabiya da shuni ta goge ta da dutsen guga. Ya naɗa rawani mita ban san nawa ba. Ya wuce rumfa, ya wuce inuwar dogonyaro, ya je ya tsaya tsakiyar rana a gaban katangar da anka shafa wa farar ƙasa don Sallah.

Na ce, "Kaka, ba ka dawo inuwa ba?"

"Kai ka san hoto ko ni? Anka yi mini hoto ubanka bai yi wayo ba."

Gaskiyarsa ce, sau ɗaya anka taɓa yi masa, don katin hawasha, gonar da hukuma ta ba shi ya noma. Mai hoton kasuwar birnin Sinnar ya tsayar da shi cikin rana, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce masa hoto rana yake ci. Kaka ya riƙe maganar nan kamar karatu. Kuma ba shi kaɗai ba, duk tsofaffin garinmu haka suke: hoto dai farin kaya, tsakar rana, ƙirji a gaba.

A saman kamarar akwai wata 'yar ƙafa mai juyawa, da haruffa a jikinta, ɗaya kore. Kawu ya taɓa ce min in ban san komai ba in bar ta kan koren. Na bar ta kan koren. Na danna. Na duba ɗan gilashin baya.

Wallahi jallabiyar ta yi kyau. Kowane ninki ya fito, har ɗinkin aljihu. Rawani ya zauna daram. Tsakanin rawani da jallabiya kuma sai wani baƙin rami. Ba ido, ba hanci, balle tsaga. Kamar kayan ne sunka fito ziyara sunka bar mai su a gida.

Habboba ta leƙo ta kafaɗata. "Maigida, ina ka kai mini tsohon?"

Na ce, "Ki bar shi can, ga ni ai."

Kaka ya ɗaga sanda daga inda yake tsaye. "Ja'iri! Da gangan kay yi. So kake ka gaje mini mata tun ina da rai."

Anka yi dariya, har da ɗalibin. Na sake dannawa. Rami. Na matsa kusa. Rami ya ƙara girma. Na tsugunna, na hau turmi, na rufe ido ɗaya kamar yadda na ga ana yi. Rami dai.

Nan ne shaiɗan ya ce min in juya 'yar ƙafar. Na kai ta kan harafin M, don nan ne lambobi sunka fi cika gilashin, na ce lalle nan manya ke aiki. Na murza wani abu da babban yatsa, lambobi sunka yi ta gudu. Na danna. Fari fat. Ba Kaka, ba katanga, ba garin ma. Na murza baya. Baƙi ƙirin. Na murza wani daban, kamarar ta yi shiru ta daɗe kafin ta ce ƙyas, sai ga Kaka uku a jere, dukansu kamar hayaƙi.

"An yi?"

"Saura kaɗan, Kaka."

"Tun ɗazu saura kaɗan."

Gumi na bin gemunsa. Jallabiyar ta fara mannewa a baya. Ban san minti nawa munka yi ba, sai na ga sandar na rawa a hannunsa, ɗalibin ya yi wuf ya tare shi, anka kai shi kan angarib ana yi masa fifita. Dariya ta ɗauke. Habboba ta ɗauke kai daga gare ni, kuma na fi son ta zage ni.

Da safe na hau motar haya zuwa Sinnar, kamara cikin jakar shinkafa don kar a ce ina yanga. Akwai wani mai shagon hoto kusa da tasha, Balarabe mai tumbi, shina shan gahawa. Na miƙa masa ya dudduba abin da na ɗauka. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Ya zol," ya ce, wato kai malam a Larabcin nan, "wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Wani yaro ne a garinmu."

"Ka gaida yaron. Ubanka manomi ne?"

Na ce e.

"Ka taɓa ba gona ruwa?"

Na ce tun ina tsirara.

Ya ce to haske ruwa ne, cikin kamara kuma gona. Akwai baki da ake buɗewa, ko a buɗe shi da faɗi ko kaɗan. Akwai kuma tsawon lokacin da za a bar shi a buɗe. Ka buɗe da faɗi ka daɗe, gona ta nutse, shi ne farin nan. Ka buɗe kaɗan ka rufe da wuri, ta bushe, shi ne baƙin. Har nan ina tare da shi, har ina gyaɗa kai. Sai ya ce in lambar bakin ta yi ƙasa, bakin ya yi faɗi, in ta yi sama ya tsuke.

Na ce, "Dakata. Huɗu ta fi sha shida girma?"

"A nan, e."

"A nan ina? Sinnar?"

"A cikin kamara, ya zol."

Ban farfaɗo ba ya ƙara min da cewa lambar lokaci ita ma haka take, ɗari biyar ta fi talatin gajarta. Sannan ga wata ta uku mai haruffa, ISO, wai ita ce ƙishin ƙasar, in ka ɗaga ta ruwa kaɗan ya isa amma hoton zai yi yashi. Ni da lissafi ya kora daga makaranta, ga shi ya biyo ni har tasha.

Na ce, "To koren fa? Ai nan kamarar ke yi da kanta. Don me ta cinye wa kakana fuska?"

"Ita ta san kakanka ne? Fari ta gani. Farar riga, farin rawani, farar katanga, ga rana. Ta tsorata ta runtse ido. Rigar ta samu daidai ruwanta, fuskar ta mutu da ƙishi." Ya kurɓi gahawa. Ya ce in kai tsohon inuwa, in raba shi da fararen kayan nan, in sa 'yar ƙafar kan A, in danna wani maɓalli mai alamar ƙari da ragi in ɗan ƙara. Kuma haske ya zo daga gefe. "Yaushe kake ganin kunyoyin gona sosai, da tsakar rana ko da yamma?"

"Da yamma."

"Halas, shi ke nan. Tsaga ma kunya ce."

Na ari bironsa na rubuta duka a tafin hannu. Cikin mota anka matse ni tsakanin buhun albasa da wata mata mai kaji. Kafin mu iso gumi ya wanke rabi. Abin da ya rage: A, inuwa, da wata lamba da ban gane ko takwas ba ce ko uku.

Na tarar da Kaka ya riga ya shirya, an sake wanke jallabiya. Na durƙusa na yi masa bayani cikin ladabi, abin da ban saba ba. Na ce a cire rawani, a sa riga mai duhu, a zauna inuwa.

"In cire mi?"

"Rawanin, Kaka. Na ɗan lokaci."

"'Yar'uwata ta gan ni bayan duk shekarun ga da kai a waje, awa wanda anka kamo cikin gonar mutane? Sai ta ce wahala muka sha nan. Kai, ba ka da hankali."

Ya koma gaban katangarsa. Wannan karon Habboba ta sa masa kujera. Na sa A, na danna alamar ƙari. Fuska ta ɗan fito, toka-toka, jallabiya kuma ta kama wuta, ba ninki ko ɗaya. Rawanin ya jefa inuwa har rabin kumatu, rana ta sa ya yamutse fuska, tsagar ta ɓace cikin tamoji. Na gwada yi masa bayanin ruwa da gona ko zai tausaya min. Abin haushi, ya fi ni ganewa.

"To ruwa ya yi yawa. Rage bakin mana."

"Na rage."

"Lambar ta hau ko ta sauka?"

"Ta hau."

"To ai ƙarawa kay yi, sakarai."

"A'a Kaka, a wurinsu hawa shi ne raguwa."

Ya dube ni, ya dubi kamarar. "Waɗanne irin mutane ne sunka ƙera abin ga?"

Na murza, na danna, na murza. Can na rasa ma wace lamba ce ta baki wace ce ta lokaci. Ɗalibin ya zo ya leƙa, ya ce cikin kunya, "Ba komai, a ba ni wanda ya fi dama." Amma ni da shi mun san ba wanda ya fi dama. Kaka ma ya sani. Ya tashi ba tare da ya zage ni ba, ya shige ɗaki.

Na zauna gindin dogonyaro da kamara a cinya. Gobe da safe mutumin nan zai tafi. Wa ya san ko tsohuwar za ta kai wata shekara, ko shi Kakan. Ni kuma ga ni da lamba a tafin hannu da ban san ko takwas ba ce ko uku.

Anka kira la'asar. Kaka ya fito da buta. Ya tuɓe kayan ado, daga shi sai tsohuwar 'yar shara mai ruwan ƙasa da ta yage a kafaɗa, kai ƙwal ba ko hula. Ya tsugunna bakin rumfa, jikinsa a inuwa, rana ta karkata tana shigowa ta gefen hagu. Ya wanke fuska, ya ɗago yana sharce ruwa daga gemu. Daga inda nake zaune na ga layukan nan sun tashi ɗaya bayan ɗaya, suna ƙyalli. Ban taɓa komai ba, ban ma duba inda lambobin suke ba. Na ɗaga, na ja hancin ya matso da shi, na danna.

Ƙyas.

"Kai! Ina alwala?"

Ni ina can ina kallon gilashi. Ga su nan duka. Ga ta uku daga sama, ta taho tiryan-tiryan sannan ta lanƙwashe. Na riƙe kamarar da hannu biyu kamar kwanon da ya cika da miya, ina tsoron in numfasa wani abu ya goge.

Da ya idar da salla na kai masa. Ya sa tabarau. Abin da ya fara gani yagar kafaɗa ce.

"Goge shi."

"Ban iya gogewa ba." Ƙarya nake, wannan kam na iya.

"Dubi kaina awa ƙwarya! Wanga za ka kai ma mutane? Goge, nic ce."

Maimakon haka na danna maɓallin da ke kumbura hoto, wanda na koya a kan jakin nan. Kumatun ya cika gilashin. Kaka ya gyara tabarau. Ya kai yatsa ga fuskarsa, ya taɓa dama, ya gane ba nan ba ne, ya koma hagu. Ya bi ƙugiyar da yatsa a fatarsa, idonsa na kan wadda ke cikin gilashi. Habboba ta zo ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu. Ni dai hannuna ya gaji amma ban motsa ba.

Can ya ce, ba da ni yake ba, "Da tsinke 'yar'uwata ke bin ta in ina barci. In farka in yi ta kuka."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Wanga za a kai. Amma a yanke rigag ga."

Da safe na raka ɗalibin Sinnar. Mai shago ya yanke hoton daga wuya, yagar ta tafi, amma ya ce shi kan nan ƙwal ba abin da zai iya yi masa. Ya ɗaga takardar yana kallo. "Ya zol, yaron garinku ya yi ƙoƙari. A kan wace lamba ya sa ta?" Na ce sirrin sana'a ne. Ya duba cikin kamarar da kansa ya karanto min lambobi uku. Na ce, "Daidai, haka na yi niyya." Ko ɗaya ban riƙe ba.

Shiru, shiru, har anka gama cirar auduga. Kaka bai taɓa tambaya ba, sai dai duk motar da ta tsaya bakin hanya sai ya gyara zama. Ran nan sai ga ɗalibin da baƙar leda. Bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Baba, ita ce."

Ya ce idonta ya yi rauni, sai da ta fito da hoton bakin ƙofa ta kai shi dab da hanci. Ta sa yatsa tana ƙirgawa daga sama, ɗaya, biyu, ta tsaya. Ta daɗe a nan. Sannan ta ce shi ne, ya tsufa ya yi muni. Anka taru ana koke-koke. Da anka natsu ta sake duba hoton, ta ce, "Ashe can gabas ɗin ko hula ba shi da?" Ta sa anka nemo wannan. Ya buɗe ledar, sai ga hula mai ɗinkin hannu, kore da ruwan goro.

Kaka ya karɓa ya jujjuya ta. Sai ya waiwayo ya nemo ni da ido.

"Ka gani ko? Ka ga abin da kaj ja mini? Duk ƙasar Gobir an ji ba ni da hula!"

Ya lalubi sanda, na ja da baya. Ya warware rawanin nan nasa mai mita ban san nawa ba, ya ajiye kan angarib, ya kafa hular. Ta yi masa kaɗan, ta zauna can ƙoli kamar murfin tulu. Habboba ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri, na koma wurin tsohona."

Kaka ya ce, "Tashi ka ɗauko abin nan naka. A yi wani da hula a kai mata, ta san ta iso." Ya miƙe zai nufi katanga, ya yi taku biyu, ya tsaya. "Ina za ni tsaya?"

"Bakin rumfa, Kaka. Sai la'asar. Kuma sai ka jiƙa fuska."

"Jiƙawar ma dole ce?"

Ban sani ba. Har yau ban sani ba ko ruwan ne, ko rigar, ko lambar nan mai kama da takwas. Na ce masa dole ce. Na shiga ɗaki na ɗauko kamarar a hankali, don tun ranar nan na naɗe 'yar ƙafar da maɓallan da salatif, ba wanda ya isa ya taɓa.